Ranar da Aka Je Dubiyar Tukunyar Gwaggo Sabuwa

A Kambarawa, in ka ce kana neman Sabuwa matar Malam Babaji mai gyaran keke, sai an tsaya tunani. Amma ka ce Gwaggo Kashe-Wuta, ko akuyar layin za ta nuna maka gidan.

A Gobarau aka haife ta, ta tashi a hannun kakarta mai tuyar waina, wadda ke cewa itace ma bawan Allah ne, ba a ƙona shi a banza. Sabuwa ta ɗauki maganar ta kai ta inda kakar ma ba ta kai ba. Tana sauke tukunya za ta janye itacen ta yayyafa masa ruwa, garwashin ya zama gawayin guga. Ruwan wanka bai san murhunta ba, tun hantsi take ajiye baƙin bokiti a tsakar gida, rana ta dafa mata kyauta. Ruwan alwala kuwa gindin zogale yake tafiya.

Da aka jawo masu lantarki, Malam Babaji ya ɗauka ya huta da lalube. Ina! Ya sha kunna ƙwan ɗakinsa don neman hula, kafin ya juyo an kashe.

"Sabuwa, ban gan ta ba hwa."

"Malam, shekara da shekaru kana ajiye ta wuri guda. Hannunka bai haddace ba?"

Shekarar da soja suka koma bariki aka zaɓi farar hula, itace ya yi tsada. Wata rana wakenta ya tafasa ke nan aka aiko mata da haihuwa a maƙwabta. Ta sauke tukunyar, ta naɗe ta da bargo saboda kaji, ta tafi barka. Da ta dawo ta tarar wake ya nuna luguf, ba wuta ba hayaƙi. Tun daga ranar, duk wani bargo na gidan ya samu aikin yi.

Wata Laraba Malam Babaji ya hau kekensa ya tafi Batagarawa. Sabuwa ta tafasa wake a babbar tukunya, ta kai ta ɗakin Malam don ya fi ɗumi, ta girke ta bisa tabarmarsa. Ta lulluɓe ta da bargonsa, ta tokare da matasan kai, ta kifa tsohuwar hularsa a kan murfin don kada zafi ya tsere ta nan. Sannan ta ɗauki dawa ta tafi inji.

Inna Safara'u, tsohuwar maƙwabciyarsu wadda ganinta ya yi rauni, ta shigo aron rariya. Ta yi sallama, shiru. Ta leƙa ɗakin ta ga mutum a dunƙule da hula.

"Malam, jikin ne?"

Shiru. Ta taɓa gefen bargon ta ji zafi rau, ta kuma ji wani ɗan gurnani daga ciki. Ta fita tana salati, ko rariyar ba ta tuna ba.

A bakin layi zazzaɓi ne. Kafin labarin ya kai masallaci, Malam ya daina magana. Da ya isa wurin mai shayi, cikinsa ya kumbura ya haɗe da wuyansa. Nan labarin ya iske Alhaji Dabo, sabon kansila, wanda tun da aka zaɓe shi suna ko dubiya ba su wuce shi. Ya sayi lemo cikin leda ya taho, liman da jama'a na biye.

Suka cika tsakar gida. Wani ya kunna ƙwan ɗakin don a ga majiyyaci sosai. Kansila ya tsugunna daga bakin ƙofa, ya gyara babbar riga.

"Sannu Malam. Ya ƙarfin jiki? Allah shi ba da lahiya, shi sa kaffara ne. Ai ba mu manta ba, ranar zaɓe kana layin gaba."

Tukunya ta saki tururi, fus.

"Alhamdu lillahi, ya amsa," in ji liman.

Wani tela daga baya ya shaƙi iska ya ce a hankali, shi dai bai taɓa jin ciwo mai ƙanshin wake ba. Aka harare shi.

Ana cikin addu'a Malam Babaji ya iso. Ya ga takalma jibge a zaure. Ya jingine keke ya kutsa ciki, ya dafa kafaɗar telan.

"Wa aka rasa?"

"Ba a rasa ba tukuna, Malam Babaji ne ke..." Telan ya waiwayo. Bai ƙarasa ba, sai ganinsa aka yi a kan katanga.

Malam Babaji ya leƙa ɗakinsa ya ga hularsa da bargonsa, shi kansa sai da ya shafa jikinsa. Kansila ya dube shi, ya dubi shimfiɗa, ya miƙa hannu zai yaye bargon.

"Kada wanda ya buɗe shi!" Sabuwa ce da ƙwaryar gari a ka. "Saura kaɗan ya nuna. Kuma wane ne ya kunna mani wuta da rana tsaka?"

Ta ratsa su ta kashe ƙwan, sannan ta gaishe da kansila da liman yadda ya kamata, har da tambayar iyali. Ba wanda ya samu ƙarfin tafiya, sai aka shimfiɗa tabarmi aka jira majiyyaci ya nuna. Da ta yaye bargon ta zuba mai da yaji, kansila ya ci, ya nemi ƙari. Malam Babaji kuma ya shanye lemon, ya ce ai da sunansa aka kawo.

Kafin damina ta wuce, matan layin duk sun koyi dabarar, masu kawo itace suka fara sauya hanya. Maza ne suka ji jiki, don da sanyi ya shigo kowane bargo a Kambarawa ƙanshin wake yake, wani ma da danshinsa. Malam Babaji ya sayi sabo fil. Kullum da safe sai ya naɗe shi ya ɗaure a bayan keke ya tafi da shi rumfar gyara, ya ajiye kusa da famfon iska inda idonsa ke kai. Masu kawo faci kan tambaye shi ko tafiya zai yi, ya ce a'a, tsaro ne.