Layin Malam Shitu

Duk wanda ya taɓa tsayawa cin kifi a bakin hanyar Tiga ya san Tasalla, ko bai san sunanta ba ya san muryarta. Ita ce gajeriyar matar nan da ke zama kusa da masu gyaran taru, wadda in ka yi wa karfasarta tayin wulaƙanci za ta mayar da ita tire, ta ce ga dam can ba a kulle yake ba, ka je ka kamo taka. A Kafin Maiyaƙi aka haife ta, gidan manoma, aure ne ya kawo ta bakin ruwa. Mijinta Malam Shitu masunci ne mai sanyin hali, har makwabta kan ce da aka zo rabon magana ita ta karɓi kason su biyun. Shi ya kamo, ita ta soya. Da haka suka aurar da 'ya'yansu mata, da haka kuma suka sayi wata 'yar fadama a ƙasan dam, inda suke noman albasa da tumatir da rani.

Fadamar nan ita ce ran Tasalla. Kifi dai sana'a ce, amma a can take sakin fuska. Da gwamnati ta kawo tallafin manoman rani, taki da iri da maganin feshi, da sunanta aka buɗe asusun a intanet, tunda ita ke tsaye a kan gonar. Lokacin ba ta da waya, sai aka sa lambar Shitu, kamar yadda aka yi wa rabin matan garin. Kowace shekara takan je shagon Sagir mai kwamfuta, ta faɗa masa kalmar sirrinta a kunne kamar mai gulma, ya sabunta mata rajista, ta je ta karɓo kayanta.

Sai zazzaɓi ya kwantar da Shitu, bai tashi ba. Bayan sadakar uku, yayansa Malam Uba ya tattara tarunsa da agogonsa da rediyo da wayarsa, ya zuba a akwatin ƙarfe ya danna kwaɗo. Ya ce kayan mamaci na magada ne, ko allura ba mai taɓawa sai an raba gado, kuma ba za a raba ba sai babban ɗan marigayin, Mas'ud, ya dawo daga ci-ranin da ya tafi Kudu. Uba ba mugu ba ne, tsoron haƙƙi ne ya yi masa yawa, irin mutumin da zai tsinci goro a hanya ya kai cigiya masallaci. Mas'ud kuwa kullum yana tafe wata mai zuwa. Tasalla ta gama takaba, 'ya'yanta suka saya mata tata wayar, rani ya wuce, damina ta wuce, akwati na nan a kulle.

Bana sai ranar da za a rufe rajista ta je wurin Sagir, don ta ɗauka abin na minti kaɗan ne kamar yadda ta saba. Ya shigar da kalmar sirrin, ya tsaya yana kallon allon. Ya yi mata bayani cewa an canza tsari saboda ɓarayin da ke shiga asusun mutane suna karɓe musu kaya. Yanzu kalmar sirri ba ta isa ba, sai an turo wasu lambobi ta saƙo zuwa wayar da aka yi rajista da ita, a shigar da su kafin su lalace. Wanda bai sabunta yau ba, ba shi a rabon bana.

Ba ta da ƙarfin sayen taki a kasuwa, ta sani, kowa ma ya sani. Tun bara wani dillalin albasa daga Bebeji yake zagaye fadamar yana yi mata tayin jingina da murmushi, ita kuwa ta ga gonaki nawa suka fita daga hannun zawarawa ta wannan ƙofar ba su dawo ba.

Ta hau babur sai gidan Uba. Ta same shi a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi, abin da ya sa shi kansa ya san da magana, don Tasalla gaisuwarta a tsaye take yi. Ya saurare ta har ƙarshe, ya girgiza kai ya ce ba zai buɗe ba, ba ya son ya tsaya gaban Allah saboda waya. Ranta ya ɓaci ƙwarai, baƙar magana ta zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye.

"Yaya, ban ce a ba ni ba," in ji ta. "Ka riƙe ta a hannunka, kai za ka kunna, kai za ka kashe. Idan gonar nan ta tafi, ita ma ta magadan ce, kuma a hannunka ta tafi."

Ya daɗe yana jan gemu. Daga baya ya aika aka kira makwabcinsa ya zama shaida, ya buɗe akwatin da bismilla, ya naɗe wayar a hankici ya sa a aljihun gaba. Kafin su isa shagon an yi la'asar.

Aka jona wayar a caji, aka jira ta farfaɗo. Da hasken ya kawo, Tasalla ta kawar da kai, don hoton jikarsu ne a fuskar, wanda Shitu ya ɗauka da hannunsa. Sagir ya nemi a turo lambobin. Shiru. Ya sake nema. Shiru. Ya karɓi izinin Uba ya leƙa wayar, ya ga babu alamar sabis ko ɗaya. Ya ce bari dai ya kira layin da tasa wayar ya ji. Ya kira, ya sa a sifika.

Layin ya shiga, yana ringi. Wayar Shitu tana tafin hannun Uba, ko motsi ba ta yi ba. Sai ga muryar wani namiji ya yi sallama.

Uba ya hau salati a hankali. Sagir ne ya gane abin da ya faru, ya rufe bakin wayar ya ce layin da ya daɗe a kashe kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani. Lambobin da suka nema sun tafi, amma wayar wannan mutumin suka shiga. Kuma saura gwaji ɗaya, in ya faɗi asusun zai kulle kansa, buɗe shi sai an je birni an yi ta sintiri, lokacin dashen albasa ya wuce.

Sagir ya fara yi wa mutumin bayani cikin ladabi. Bai kai rabi ba mutumin ya katse shi, ya ce dama tun ɗazu yake ganin saƙonni yana jiran kiran 'yan damfara, to ga su. Ya ce su ji tsoron Allah su nemi sana'a, ya kashe.

Abin takaicin shi ne Tasalla ba ta ga laifinsa ba. Ita ce fa mai tara matan bakin kasko tana gargaɗinsu kada su karanta wa kowa lamba a waya, ko da ya ce daga Makka yake kira. Da ita aka kira, da zagin da za ta yi ya fi wannan. Yanzu ga ta a wancan ɓangaren, kuma duk wata magana ta gaskiya da za ta faɗa, ɗan damfara ya riga ta faɗa. Ta ce Sagir ya sake kira ya ba ta.

"Malam, kada ka karanta min komai," ta ce da ya ɗauka. "Tambaya ɗaya ce. Ana kiran ka ana neman Shitu?"

Ana jin kukan awaki a bayansa. Ya ce ana kira. Shi sunansa Zakari, zuma yake sayarwa a Doguwa, wajen bakin dajin Falgore, kuma tun da ya sayi layin yake fama. Akwai wani tsoho da ba ya gajiya, kullum tambayarsa ko an samu kifi ragon ruwa. Ya tambaye ta wane ne Shitun nan, ya bar mutane suna ta nemansa.

"Mijina ne. Ya rasu."

Zakari ya yi ta'aziyya, muryarsa ta sauka. Ta gaya masa zancen akwati da fadama a taƙaice, ba kuka ba magiya. Ya ce ya ji, amma ta yaya zai san gaskiya take faɗa.

"Ba yadda za ka sani," in ji ta. "Ni ma da ni ce ba zan bayar ba. Amma ba ni da wata ƙofa sai kai."

Sannan Zakari ya ce a turo, in ƙarya ne ya bar ta da Allah. Sagir ya danna. Suka jira. Sabis ɗin can ya fara wasa, muryar tana zuwa tana ɗaukewa, Zakari ya ce su dakata ya hau kan dutse. Uba da ya ƙi taɓa komai na shagon tun ɗazu, sai ga shi ya riƙe gefen teburin da hannu biyu. Zakari ya karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya yana haki, Sagir na maimaitawa yana shigarwa. Shafin ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, sannan ya buɗe da sunanta a sama.

Tasalla ta zauna a benci. Tana cikin yi wa Zakari godiya Sagir ya ce a bar godiyar tukuna, dole a cire tsohon layin a sa nata yanzu kafin shafin ya rufe, in ba haka ba baɗi ma sai an nemi mai zuma.

"Inna, faɗo lambarki da sauri."

Ta faɗo ta tiryan-tiryan, ba gargada. Sagir ya rubuta har ƙarshe, sannan ya ɗago ya dube ta.

"Inna, ai wannan ta Malam Shitu ce."

Tata lambar ba ta taɓa haddace ta ba. Ta kwance bakin zaninta ta ciro wayar ta miƙa masa ya duba da kansa, ta juya fuskarta wajen bango, ta bar hawayen suka zubo.