Tumpale da Injin da Baba Ya Hana a Kashe

Kwamfutar cinya, a naɗe cikin tawul. Sitiyarin roba. Totur da birki na ajiyewa a ƙasa. Abin saƙalawa a kunne. Sanduna biyu. Ledar fiya da Mama ta ce a kai wa mai gyara. Sai Baba kansa a gefena cikin keke mai ƙafa uku, ya rungume kwamfutar kamar jinjiri, muna gangarowa daga Uyole zuwa Mwanjelwa. Duk ramin da muka faɗa sai ya shaida wa direban cewa bai iya tuƙi ba. Ni kuwa ban san abin da ya lalace ba, ban kuma san abin da zan ce idan mun isa ba.

Wurin Tumpale Mwaisumo za mu. Dominta nake wannan rubutu, don ƙarshen watan nan za ta rufe shago ta koma Kyela, ga gonar shinkafar mahaifiyarta da ƙarfi ya ƙare wa.

Gyaran waya ne sana'arta. Da safe takan ɗaga ƙofar ƙarfe, ta share gaban shago, ta zauna da shayi da fanke. Kafin ta taɓa wayar kowa sai ta buɗe zauren hirar 'yan wasan kwamfuta a intanet, ta ga wa ya kwana da kuka. Kullum akwai. Wani ya danna wasa allo ya yi baƙi. Wani an ce masa wani fayil a kulle yake. Wani ya turo hoton allonsa a karkace, ba a ganin komai sai fuskarsa a gilashi. Takan bi su ɗaya bayan ɗaya, fanke a hannun hagu.

Wasan na tuƙa manyan motoci ne, jama'a na shiga lokaci guda ta intanet. Turawa suka yi shi da hanyoyinsu. Wasu matasa a birnin Dar suka yi masa ƙari, suka zuba tamu: daga Tunduma har Chalinze, da hawan Kitonga, da birai a bakin titi. Ƙarin shi ne daɗin wasan, shi ne kuma ciwon kansa, don duk sanda aka sabunta taswira dole kowa ya sabunta, in ba haka ba a bar shi a baya. Matasan ba su yi zaton tsofaffin direbobin garinmu Mbeya za su mamaye abin ba. Ba su kuma tanadi mai amsa musu tambaya ba. Tumpale ta tsinci kanta a gurbin, babu wanda ya naɗa ta.

Anyimike, tsohon kwandastan Baba, ya ba ni labarin tasa. Wasansa ya ƙi tashi, ya rantse maƙwabcinsa ne ya yi masa baki. Ta duba, ta ce masa mai gadin da ke cikin kwamfutarsa, wato manhajar tsaro, shi ne ya ɗauki ƙarin a matsayin ɓarawo ya tsare shi. Ta fito da shi, ta gabatar da su ga juna. Anyimike ya ce har yau bai yarda maƙwabcin ba shi da hannu ba, amma wasa na tashi. Wata malamar makaranta a Tukuyu wuta ta ɗauke mata ana tsakiyar sauke taswira, ta rage da rabin hanya. Tumpale ta zuba mata cikakkiya a ɗan ma'aji, ta ba direban motar ayaba ya kai. Idan wasan ya buɗe, sunayen waɗanda suka yi ƙarin na wucewa a allo. Na duba. Babu nata.

Ke ce makaniken da ba ta da gareji, Tumpale. Mai tayar da motar da ba ta da inji.

Na dawo daga karatu a Finland na tarar ciwon suga ya cinye wa Baba ƙafar hagu. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan hanyar Dar, yanzu iyakarsa tsakar gida. Ba ya magana. A kawo abinci ya ci, a kwashe. Amma ran Lahadi bayan coci sai ya saƙala abin kunne, ya kama sitiyarin roba, ya shiga ayarin tsofaffin abokansa. Daga ɗakina nake jin wani mutum daban, yana zagin Anyimike, yana dariya har da tari. Mama ta ce mini a Lahadin nan kaɗai take da miji.

Sai aka sabunta taswira. Ayari ya koma sabuwar, Baba ya rage a tsohuwar, shi kaɗai a titi. Na bi abin da aka rubuta a zaure, na danna sabuntawa. Wasan ya ɓace daga allo. Wani ɗan akwati ya fito ya ce ba za a iya canza fayil ɗin taswira ba, wani na amfani da shi. Wa? Babu kowa a ɗakin sai mu. Na sake dannawa, akwatin ya dawo. Na ce bari in kashe kwamfutar in kunna. Baba ya ɗora sanda a kan hannuna, ya ce kada in kuskura. Bai ce don me ba. Lahadi ta wuce yana kwance, fuskarsa ga bango. Ta gaba ce muka shiga keken.

Tumpale ta gaishe shi da durƙusawa, ta karɓi fiya, ta dube ni.

"Yaya mutumin ƙanƙara, me ka danna?"

Na ce abin da aka ce a danna. Ta ce haka kowa ke faɗa. Ta warware tawul ɗin ta janye hannu da sauri, kwamfutar ta yi zafi kamar burodin da aka fito da shi yanzu. Ta karanta akwatin. Ta duba mai gadi, ba shi ba ne. Ta duba ko an hana rubutu a babban fayil ɗin, ba a hana ba. Ta koma kan akwatin tana cizon leɓe. Na ji daɗin ganin ba ni kaɗai na ruɗe ba. Waya ta yi ƙara, Anyimike ne, yana tambaya ko su jira ko su tashi, don sun jeru a tashar cikin wasa tun ɗazu. Ta ce su jira.

Sai ta ɗauki abin kunnen, don kawai ta matsar da shi, ta tsaya. Ta saƙala. Ta miƙo mini. A can ƙasa, a hankali, inji na gurnani. Ta juya ga Baba.

"Baba, yaushe rabonka da kashe motar nan?"

"Tun da na kunna ta."

"Tun bara?"

"Ana kashe inji a hanya?"

Ta bayyana mini, na fahimci wani sashe. Wasan bai rufe ba, ɓuya ya yi. Yana nan a baya yana riƙe da tsohuwar taswira, shi ya sa sabuwar ta kasa shiga gurbinta. Baba bai taɓa rufe shi ba. Yakan dai kifa murfin kwamfutar ya bar ta a jikin wuta. Maganin, in ji ta, bai fi ƙiftawar ido ba: a kashe.

Baba ya ce ba za a kashe ba. Bas ɗin da suka tuƙa a zamaninsu, in ka kashe ta a Makambako sai an tara fasinjoji sun tura. A tasha ma a kunne take kwana. Ya ce ya ga motar da aka kashe da yamma lafiya lau, da safe aka sayar da ita ƙarfe. Na ce masa wannan ba mota ba ce. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

"In ba ta tashi ba, kai za ka tura?"

Linzamin kwamfutar na hannun Tumpale. Dannawa ɗaya, da an wuce wurin, da ya gani da idonsa cewa ba komai. Ni abin da zan yi ke nan. Ita kuwa ta saki linzamin, ta ce:

"Baba, in dole ta kama sai an kashe, a ina kuke ajiye ta?"

Ya ce a gangara mana, hanci ƙasa, a sa dutse a taya. Ta ce to a nemi gangara. Ta dawo da wasan kan allo. Muka haɗa sitiyari a kan teburin gyaran waya, totur da birki a ƙasa. Baba ya tuƙa bas ɗinsa a titin da ba kowa, cikin shago, masu jiran waya na leƙe. Gangarar farko ya ce ba ta isa ba. Ta biyu akwai kwana a ƙasanta. Anyimike ya sake bugowa ya ce ko tsohon ya mutu ne a faɗa musu su tafi jana'iza. Sai a gangarar Mlima Nyoka Baba ya tsaya, ya juya hanci ƙasa, ya ja birkin hannu. Ya nemi dutse. Tumpale ta ɗauko dutsen da take tare ƙofa da shi, ta ajiye a gindin tebur. Babu wanda ya yi dariya.

Baba ne ya danna kashewa da kansa. Gurnanin ya ɗauke. Sabuwar taswira ta shiga ba musu.

Ta danna wasa. Allo ya yi baƙi, ya koma kamar ba a taɓa shi ba.

Baba ya cire abin kunne ya ajiye a cinya, ya fara laluben sandunansa. Na san wannan fuskar, ita ce ta tsakar gida. Tumpale ta ce masa ya zauna, direba ba ya sauka kafin makanike ya fito daga ƙarƙashin mota. Wannan karon mai gadi ne, ya ga baƙon fayil ya cafke. Ta sake shi, ta danna.

Bas na nan a kan gangara, hanci ƙasa. Baba bai taɓa makulli ba tukuna. Ya tura dutsen gefe da sanda, ya saki birki, ya bar ta ta gangara, sannan ya kunna. Muryar Anyimike ta fashe a abin kunnen har muna ji.

"Gurgu, ka iso?"

"Matsa mini, ɓarawon canji. Wa ya ba kwandasta sitiyari?"

Ke ce kika san abin da ya lalace, kika kuma san ba shi kaɗai ake gyarawa ba. Na gode, Tumpale. Mama ta gode. Masu ilimin wannan abu a garin nan suna da yawa, na ga sunayensu a zaure, suna karanta kukan tsofaffi suna wucewa. Ku riƙa amsawa. Ku tambayi mutum inda yake ajiye motarsa kafin ku kashe masa ita.

A Kyela intanet sai an hau tudu. Taswira kuwa za a sake sabunta ta, fayil zai sake kullewa, Baba zai sake neman gangara. Tumpale ta tambaya a zaure wa zai karɓe ta, aka yi ta turo mata hoton hannuwa na addu'a.

Ran Lahadin nan da yamma, bayan ayari ya sauka a Iringa, muka kwashe kaya. Ta nuna mini inda ake ganin wasan da ya ɓuya, da inda mai gadi ke tsare fursunoninsa. Rabin abin ya wuce ni, na gaya mata. Ta ce ita ma haka ta fara. Ta miƙo mini dutsen, ta jawo ƙofar ƙarfe ƙasa, ta datse kwaɗo.

Na ce ta cire lambar wayarta da ke saman zauren ta sa tawa.