Kunnen Kawu Mai Gyaran Keke

Kawuna mai gyaran keken ɗinki ne, kuma da kunne yake aikinsa. In ka kawo keke, zai murza shi, ya karkata kai, ya faɗa maka ciwonsa tun bai ɗauki sukudireba ba. To, sai kunnen ya fara mutuwa. Teloli suka koma gaishe shi daga bakin titi. Abin ya dame ni ƙwarai, don in ka raba Kawu da bencin aikinsa ka gama da shi.

Ni kuwa aikin kwamfuta nake yi, ga ni da shegen bin diddigi. Na samo wata manhaja da ake sakinta fanko, ba ta san komai ba sai abin da gwani ya zuba mata: idan kaza ya faru, to kaza ne. Daga nan ita ke yi wa mutum tambayoyi har ta kai ga amsa.

Na tsare shi a shago, ina yi masa ihu a kunne. "Kawu, idan keke yana ƙwas-ƙwas fa?"

"Ƙwas ɗin sama ko na ƙasa? Ke 'yar nan, sai ka ce alƙali!"

Haka na yi ta tatsar sa. Ran nan manhajar ta cije, wai dokoki biyu sun ci karo: ƙara iri ɗaya, ciwo daban. Kawu ya yi dariya har da tari. "Ai kin manta da mai keken. Rubuta: idan ya ce ba wanda ya taɓa shi, to an taɓa shi." Na rubuta.

Da muka gama, wata tela ta kawo kekenta. Kawu ya murza, ya karkata kai yadda ya saba, bai ji komai ba. Sai ya miƙa mata wayata mai manhajar, ita ta saurara, tana amsa tambayoyin. Amsa ta fito: allura ta lanƙwashe, tana bugun gidan bobin, wato mazaunin zaren ƙasa. Ya buɗe, haka ne kuwa.

"Wa ya gaya wa wayar nan?" in ji shi.

Na danna inda manhajar take bayyana dalilinta, na nuna masa maganarsa, yadda ya faɗe ta. Ya daɗe yana kallo, idonsa ya kawo ruwa.

"Ashe kunnena bai mutu ba," ya ce, "ƙaura ya yi. Baiwar Allah, miƙo min sabuwar allura."