Sirinji Mai Jan Murfi

Ƙanin matata ne ya sa na kusa kashe yayarsa da hannuna. Shi ke da kemis a Lamisula, shi ya miƙo mini sirinjin, ni na soka.

Shekara shida tana fama da ciwon suga. Da ƙwayoyi suka daina yi mata aiki, likita ya mai da ita kan allurar insulin, safe da yamma, kafin abinci. Ita ko tsinin allura ba ta iya kallo, sai aikin ya faɗo kaina. Ni kafinta ne, a aji huɗu na bar firamare, amma wanda ya tsufa yana awon katako ba ya wasa da layi. Sau ɗaya nas ta nuna mini: a murza kwalbar a tafin hannu, ba a girgiza ta, a ja zuwa ashirin, a fitar da iska, a kama fatar ciki, yau hagu gobe dama. Na riƙe kamar Fatiha. Wuta ba ta zama a unguwarmu Bolori balle a sa a firji, don haka a ƙaramin tulu kwalbar take, bisa jiƙaƙƙen yashi.

Da sirinjinmu ya ƙare na je wurin ƙanin nata. Namu kullum murfinsa ruwan lemo ne. Ya ɗauko mai jan murfi.

"Wannan ba irin namu ba ne," na ce.

"Haba Yaya, kamfani ne kawai ya bambanta. Ashirin a nan ashirin ce a can. Ko ka zama likita ne ba mu da labari?"

Abokansa da ke kan benci suka kwashe da dariya. Na karɓa na tafi.

Washegari da safe na ja zuwa ashirin. Na ga ruwan ya fi na kullum yawa. Wallahi idona ya gani. Amma dariyar nan tana kunnena, na ce wa raina kai wane ne, shi ya yi makaranta. Na soka mata, ta kurɓi kunu kaɗan, na tafi shago.

Da hantsi maƙwabciyarmu ta zo a guje ko mayafi babu. Na tarar da matata kwance kusa da murhu, gumi sharkaf, jikinta sanyi ƙalau, haƙora a datse. Mata sun cika gidan, wata na cewa iska ce, wata na hura turare, wata za ta ɗura mata ruwa. Na ture kofin, don nas ta ce wanda ya suma ba a ɗura masa komai. Na lakaci zuma na goga mata a cikin kumatu, muka ɗauke ta a keke napep. Duk hanya sunanta nake kira, kanta yana lilo a cinyata.

A asibiti suka sa mata ruwan suga ta jijiya. Nas ta ce in kawo abin da na yi allurar da shi. Ta ajiye kwalba da sirinji gefe da gefe. Jikin kwalba an rubuta ɗari, jikin sirinji arba'in.

"Baba, dole lambobin nan biyu su zama ɗaya. Da wannan, ashirin ɗinka hamsin ce."

Kwana biyu kafin ta buɗe ido. Ta tashi, amma harshenta ya yi nauyi, wani lokaci ta kalli 'yarmu ta rasa sunanta. Abu ɗaya ne ba ta manta ba. Da ta gan ni da allura sai ta ƙanƙame zaninta a ciki, ta ja baya har bango tana kuka. Likita ya ce ba fashi, in ba haka ba sugan zai cinye ta. Kullum sai na durƙusa ina roƙon matar da muka yi shekara ashirin da biyu tare ta yarda da hannuna. Ranar da ta ƙi, ƙishirwa da fitsari su hana ta sakat.

Danginta kuwa sun gama shari'a: mijin ne jahili, ya yi mata yawa. Ƙanin nata yana zaune ana faɗa, ya ɓoye cewa shi ya ba ni sirinjin.

Ranar Juma'a bayan masallaci na same shi a kemis ɗinsa, mutane cike.

"Wushe, Yaya, ya mai jiki?"

"Riƙe gaisuwarka," na ce. "Nonon da ta sha ka sha, ita ta goye ka. Ba ka san abu ba, ka ƙi cewa ban sani ba, ka bar ni da sunan mai kisa. Gobe ƙarfe bakwai ina jiranka a gidana. Za ka zauna gabanta da gaban mahaifiyarku ka faɗi wanda ya ba ni sirinjin nan, ko za ta daina gudun hannuna. In ta mutu saboda tsoron allura, kada ka zo jana'iza, don ni zan fitar da kai daga sahu. Ban yafe ba."