Manhajar Adawiyya Ta Ƙi Buɗewa a Horo Birni

Duk Boɗinga an san Adawiyya da taurin kai, ni kuwa ƙawarta na fi kowa shan wahalarsa. Ita ta koya wa kanta rubuta manhaja a shagon buga takardun yayanta, tana faɗa da kwamfuta kamar mai korar akuya daga rumbu.

Abin da ta ƙera mai sauƙi ne: ka ɗauki hoton ganyen albasa, waya ta faɗa maka cutar da baki. Ta yi shi ne saboda kawunta Ɗantani na Horo Birni, can Shagari, wanda albasarsa ta fara ƙonewa daga baki, kuma ita ce abincin gidansa na bana.

A wayarta manhajar na aiki lafiya lau. A wayar Kawu kuwa, da an taɓa sai ta mutu. Adawiyya ta jona wayar da kwamfuta, ta ga manhajar tana neman ɓangaren da ke gane hoto, ba ta same shi ba. Ta zargi tsufan wayar, ta goge tarkace, ta kashe ta kunna. Shiru.

"Kawu, ina ka samo ta?"

"Ga Badaru mai cajin waya. Shi yat turo min, ni ko nit tura ma mutum biyar."

Ashe nan gizo ke saƙa. A ƙauyen ba mai sauke manhaja daga intanet, waya ke ba waya. Wajen turawar gangar jikin kawai ke wucewa, ɓangaren gane hoton ya tsaya a baya.

Jabiru, abokin aikinta a Sakkwato, ya ce a waya, "Ki hwaɗa musu kowa shi sauke tashi yadda ad daidai."

Na ga idonta ya kaɗa.

"Mutanen da ka aron garma da iri, su za ni ce ma kar su ba juna? Manhajag ga ita za ta koyi halinsu!"

Ta sake ɗinke manhajar dunƙule guda har da ɓangaren gane hoton, ta yi nauyi, Jabiru ya ce aikin ƙauyanci ne. Ko a jikinta. Ta kai wa Badaru da kanta, ta sa shi ya tura wa Kawu yadda ya saba.

A gona Kawu ya ɗauki hoton ganyen albasarsa. Wayar ta yi magana: ƙwari ne, kuma feshi zai iya ceto albasar. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Bai ko gode mata ba. Ya juya ya ƙwala wa maƙwabcin gonarsa kira: "Sama'ila! Taho da wayakka!"