Ramin da Akwati Ya Ƙi Shiga

In ka ji Filibus mai haƙar rijiya yana ba da labarin kansa, sai ka rantse wani maƙiyinsa yake yi wa tsiya. Kirista ne ɗan asalin Lakwaya, jikan Maguzawa, gajere mai ƙirar turmi, ga surutu kamar rediyo. Zamanin tsuke bakin aljihu aikin rijiya ya ɗauke ƙaf, digarsa ta fara tsatsa a bayan rumbu. Rannan aka yi rasuwa a maƙwabta cikin bazara, ya ga samari suna fama da marmara da 'yar fartanya. Ya ɗauko diga ya ce su matsa. Tun daga ranar ya zama mai haƙa kabarin unguwa, kuma ko goro ba ya karɓa.

Ya ƙware a irin haƙar Musulmi: rami mai faɗi a sama, sannan siririn rami a tsakiya, daidai kwanciyar mutum a kan gefensa yana fuskantar alƙibla. In ya gama sai ya koma gindin wata ɗorawa ya tsaya har a binne.

In aka tambaye shi dalili, amsar a bakinsa take. Almasihu da kansa ya durƙusa ya wanke ƙafafun mabiyansa, to shi Filibus wane ne? Ba don a gode masa yake yi ba. Wannan magana kuwa ya faɗe ta a coci, ya faɗe ta a kasuwar Gwarzo, ya faɗe ta a teburin mai shayi, har matarsa Sabuwa ta ce in ladan a tulu yake, to tuni ya tsiyaye ta bakinsa. Kuma da gaskiyarta. Ran da Malam Uwaisu, limamin unguwa, ya yi masa sannu a gaban jama'a, yini yake yana fara'a. Ran da aka manta kuwa, ko tuwo ba ya yi masa daɗi.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, jita-jita ta yi yawa. Baƙin Kiristoci, malaman makaranta da masu kemis, suka tattara suka tafi, cocin ya rage tsofaffin mata biyar da fasto mai zuwa daga Gwarzo a kan babur. Ba wanda ya taɓa Filibus, amma gaisuwa ta gajarce. Ga ciwon baya ya kama shi, ko guga ba ya iya ja. Ana cikin haka Sabuwa ta yi zazzaɓin kwana huɗu, ta rasu da hantsi.

Wa zai haƙa mata kabari? Ga zafin bazara, gawa ba ta jira. Filibus ya zauna a zaure, sai ya kama kansa yana jero sunayen waɗanda ya haƙa wa iyayensu, ɗaya bayan ɗaya, shi da ba don komai yake yi ba! Kunya ta kama shi, girman kai kuma ya hana shi roƙo. Ya aika wa kafinta ya haɗa akwati, ya dogara sanda, ya ja digarsa a ƙasa zuwa filin bayan coci, yana tsoron ko taku ɗaya ba zai iya haƙawa ba.

Sai ya tarar da Malam Uwaisu da Hammadu mahauci da wasu maza takwas, jikinsu duk jar ƙasa. Har sun gama.

Bayan azahar fasto ya iso, aka kawo akwatin, aka zo sakawa. Ya ƙi shiga. Ashe bayin Allah irin kabarinsu na Musulmi suka haƙa, da siririn ramin nan a tsakiya, tsaf da shi, wanda ko rabin akwati ba zai ci ba. Filibus kuwa, mutumin da matarsa ke kwance a gabansa, sai hali ya motsa, ya fara faɗa wane irin aiki ne wannan, ba wanda ya iya tambaya? Ya kai hannu zai ɗauki diga, Malam Uwaisu ya riƙe ƙotar.

"Filibus, shekara goma sha bakwai kana haƙa mana irin namu," in ji Malam. "Mu ko sau ɗaya ba mu taɓa zuwa mun ga yadda ake naku ba. Zauna ka nuna mana."

Ya zauna a kan dutse. Ya auna akwatin da kara ya miƙa musu, suka faɗaɗa ramin yana kallo. Ya ce duk marmarar da ya fasa a rayuwarsa ba ta ba shi wuya kamar wannan zaman ba. Da aka fara addu'a, ya ɗaga kai ya hango su Malam Uwaisu can gindin bishiya a tsaye, suna jira a binne, yadda shi yake yi.

Bayan an rufe ya ɗingisa wajensu, ya fara jero godiya. Hammadu ya karkaɗe hularsa, ko murmushi bai yi ba, ya ce, "Ba don a gode mana muka yi ba."

Dariya ta ƙwace wa Filibus, hawaye na zuba. Ya juya don ya gaya wa Sabuwa, ita da ta fi kowa sanin daɗin wannan magana, sai ya ga tudun jar ƙasa.