Gudun Da Gaisuwa Ta Tare

Ni tun ina yaro siriri ne. Har yau idan na sa babbar riga, matata cewa take kamar an rataye ta a ƙusa. Shi ya sa ranar da likita a Gwarzo ya duba gwajin jinina ya ce kitse ya yi mini yawa, dariya na yi, na naɗe hannun riga na nuna masa damtsena. Na ce, "Likita, a ina ya ɓuya?"

Shi bai yi dariya ba. Ya ce wannan kitsen a cikin jini yake, ana ce masa kolestarol, kuma ba ruwansa da ƙiba ko rama. Iri biyu ne. Akwai mugu mai liƙewa a jijiya har ya toshe wa jini hanya, akwai na kirki mai kwashe mugun ya kai shi hanta. Ni mugun ne ya yi sama, na kirkin ya yi ƙasa. Sai ya tambaye ni ko a gidanmu wani ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Nan dariyata ta tsaya. Mahaifina yana kusan shekaruna ya faɗi a gonarsa a Gude, bai ƙara taka ƙafarsa ba har ya rasu.

Likita ya rubuta mini magani, ya ce in rage tsire da man shanu, kuma in riƙa motsa jiki. Ba irin tafiyata ta zuwa masallaci ba. Gudu yake nufi, wanda zai sa zuciya ta buga, gumi ya karyo, har in kasa doguwar magana. Ya ce irin wannan ne ke ɗaga na kirkin, ya kuma taimaka a sauke mugun.

Bawan Allahn nan dai bai san garinmu ba. A Gude magidanci ba ya gudu sai da dalili. Ranar farko, bayan sallar asuba, na ɗaura takalmin kambas na kama hanya. Maƙwabcina ya hango ni ya ce, "Malam, lafiya?" Bai jira amsa ba ya suri sanda ya biyo ni. Kafin mu kai bakin gari mun zama ayari, wani na tambayar ina ɓarawon, wani ya taho da bokiti don ya zaci gobara ce. Da na tsaya ina haki na ce kitse nake gudu, maƙwabcin ya dubi ƙwaurina ya ce, "Haba Malam, faɗa mana wata dai."

Wannan ya wuce, mutane suka saba. Abin da ya gagare ni gaisuwa ce. A bakin gari, gindin wata dalbejiya, wani dattijo aminin mahaifina yake zama kullum yana tufka igiya. Ta yaya zan wuce shi? Dole in durƙusa. "Baba, an tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki? Ya ruwa?" Shi kuma ya tambayi iyalina, da makarantar da nake koyarwa, da akuyata mai ciki. Kafin mu gama, gumi ya bushe, wasu sun taru, su ma a gaisa. Da na koma gwaji, canjin bai taka kara ya karya ba. Likita ya ji yadda nake yi, ya ce ai wannan zaman hira ne da takalmin gudu.

Washegari na daure na wuce Baba a guje, hannu kawai na ɗaga masa. Wallahi kunya ta fi ƙafa yi mini ciwo.

Da la'asar sai ga shi a ƙofar gidana yana dogara sanda. Ya ce, "Yanzu boko har ya kai ka wuce ni kamar an koro ka?"

Na shimfiɗa masa tabarma, na durƙusa na gaya masa komai, har tambayar da likita ya yi mini a kan mahaifina. Sai ya ce, "Ni na ɗauko ubanka daga gona ranar nan." Ya share ido da bakin rawani. "Daga yau na yafe maka gaisuwar tafiya. Ka riƙa kawo mini ta dawowa."

Tun daga nan ya zama ɗan sandan hanyata. Duk wanda ya buɗe baki zai gaishe ni, sai ya daka masa tsawa: "Ku ƙyale shi, magani yake sha!" Ni kuwa in na dawo jiƙe sharkaf, sai in zube gabansa mu yi ta gaisawa har kan akuya.

Bayan wasu watanni gwaji ya nuna na kirkin ya hau, mugun ya sauka. Likita ya ce kada in bar gudun, kada kuma in bar maganin. Daga mota gindin dalbejiya na nufa, ina murna kamar yaro ya ci jarrabawa. Na ce, "Baba, an dace. Gobe sai in tsaya mu gaisa sosai."

Bai ko ɗago daga igiyarsa ba. Ya ce, "Kar in ga ka tsaya. Na ɗauki ɗaya a gidanku, ba ni da ƙarfin ɗaukar na biyu."